Yadda Ake Lissafa Ƙarfin Aikin Ƙoda Daga Sakamakon Gwajin Jini

Takardar gwajin ƙoda da ake ba mutane a yawancin asibitocinmu lambobi ne a jere: sodiyom, fotasiyom, yuriya, sai kiriyatinin, kowanne da iyakar da aka ce ita ce daidai a gefensa. Abin da aka saba yi shi ne a dubi lamba, a dubi iyaka, in ta faɗa ciki a ce wa mutum ƙodarsa lafiya lau. Wannan irin karatu yana ɓatar da mutane da yawa, kuma waɗanda ya fi cutarwa su ne tsofaffi da mata da masu ƙaramin jiki, domin ƙoda tana iya rasa kusan rabin ƙarfinta alhali lambar kiriyatinin ba ta tsallake iyakar da ke kan takarda ba. Lambar ba ta faɗin gaskiya sai an haɗa ta da shekarun mutum, da jinsinsa, wani lokaci har da nauyinsa. Lissafin bai fi minti biyar ba, kuma nas ko mai ba da magani ko ɗan'uwan majinyaci duk za su iya yi da wayar hannu. Bayanin nan na manya ne, 'yan shekara 18 zuwa sama. Yara da nasu lissafin daban, wanda ake yi da tsayinsu.

Abin da ake son ganowa

A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Ƙoda biyu masu lafiya suna tace ruwan jini wajen lita 180 a kwana ɗaya, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Saurin wannan tacewa a minti ɗaya shi ne ma'aunin ƙarfin ƙoda, shi ake rubutawa GFR. A matashi mai lafiya yakan kai mililita 90 zuwa 120 a minti, yana raguwa a hankali yayin da shekaru ke ja. Auna shi kai tsaye aiki ne mai tsada da cin lokaci, sai an yi wa mutum allurar wani sinadari ana ɗibar jininsa ana bin yadda yake fita. Shi ya sa ake yin ƙiyasi, a rubuta eGFR. A Nijar da Chadi da Kamaru, inda takardun asibiti suke da Faransanci, DFG za ka gani.

Ƙiyasin da kiriyatinin ake yin sa. Datti ne da tsoka ke fitarwa kullum gwargwadon yawanta, ƙoda kuma ta share shi ta fitsari. In ƙoda ta yi rauni sai ya taru a jini. Amma tun da tsoka ce ke samar da shi, ɗan dako mai damtse yana iya samun lamba mai ɗan yawa ƙodarsa garau, tsohuwar da ta rame kuwa tana iya samun lamba ƙarama ƙodarta a gajiye.

Mataki na ɗaya: kafin a ɗebi jinin

Kada a ci nama cikin awa 12 kafin gwaji. Dafa nama ko gasa shi yana mayar da wani ɓangarensa kiriyatinin, wanda ya cika cikinsa da tsire ko balangu da dare ya je gwaji da sassafe zai ga lambarsa ta ɗaga ba gaira ba dalili. Haka motsa jiki mai tsanani a jajiberin gwaji, da garin ƙara tsoka da samari masu ɗaga ƙarfe ke sha. A sha ruwa yadda aka saba. Jinin da aka ɗiba da la'asar a wurin mai azumi a tsakiyar zafin Afrilu ba shi ne zai nuna ainihin halin ƙodarsa ba; in ba gaggawa ake yi ba, a bari sai da safe ko bayan azumi. Kuma jinin ya isa ɗakin gwaji da wuri, kada ya kwana a kan tebur.

A rubuta duk magungunan da mutum yake sha, har da na gargajiya da na kemis da ba likita ne ya rubuta ba. Za mu dawo kansu.

Mataki na biyu: duba ma'aunin da aka yi amfani da shi

Nan ne aka fi tafka kuskure, kuma kuskure ne mai girma. Ana rubuta kiriyatinin da ma'auni iri uku. Yawancin ɗakunan gwaji a Najeriya da µmol/L suke rubutawa, za ka ga lamba kamar 80 ko 124. Wasu da mg/dL suke yi, lambar ta zama kamar 0.9 ko 1.4. A ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma sau da yawa mg/L ne, lambar ta zama 9 ko 14. Dabarun da za mu bi da mg/dL suke aiki. Saboda haka in µmol/L ne ka raba da 88.4, in mg/L ne ka raba da 10. Misali 124 a raba da 88.4 ya ba da 1.4. Ɗan kasuwar da ya yi gwaji a Maraɗi ya kawo takardarsa Katsina, in aka ɗauki 14 ɗin nan a matsayin mg/dL za a ce wankin ƙoda yake bukata a yau, alhali 1.4 ce.

Mataki na uku: tabbatar lambar a tsaye take

Duk waɗannan dabaru an gina su ne a kan cewa kiriyatinin ɗin mutum ba ya hawa ba ya sauka a 'yan kwanakin nan. Wanda aka kwantar saboda gudawa da amai, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko zubar jini bayan haihuwa, ko saran maciji, ƙodarsa na iya tsayawa cak a yau amma lambar ba za ta nuna ba sai bayan kwana ɗaya ko biyu. A irin wannan hali eGFR ba abin dogaro ba ne. Abin dubawa shi ne yadda lambar ke tafiya da kuma yawan fitsari. In ta ƙaru da 0.3 mg/dL, wato kimanin 26 µmol/L, cikin awa 48, ko ta ninka sau ɗaya da rabi cikin kwana 7, rauni ne na farat ɗaya ya samu ƙodar, kuma wannan aikin gaggawa ne, ba na zama da kalkuleta ba.

Mataki na huɗu: lissafi da dabarar CKD-EPI ta 2021

Wannan ce dabarar da ake amfani da ita wajen gano ciwon ƙoda da sanin matakinsa. Abu uku take nema: kiriyatinin, shekaru, jinsi. Akwai manhajoji da shafukan intanet da ke yin lissafin kyauta, amma ka tabbatar ta 2021 ka zaɓa, kuma ka sa ma'aunin da ya dace. In da hannu za ka yi, juya wayarka a kwance ko ka buɗe kalkuletar kimiyya, ka nemi maɓallin xʸ.

Da farko raba kiriyatinin da 0.9 in namiji ne, da 0.7 in mace ce. In amsar ta fi 1, danna xʸ ka sa −1.2. In ba ta kai 1 ba, danna xʸ ka sa −0.302 ga namiji, −0.241 ga mace. Ajiye abin da ya fito. Sai ka rubuta 0.9938, ka danna xʸ, ka sa shekarun mutum. Don sauƙi: ɗan shekara 30 yana ba da 0.830, ɗan 40 0.780, ɗan 50 0.733, ɗan 60 0.689, ɗan 70 0.647, ɗan 80 0.608. Daga nan ka ninka 142 da amsa ta farko, ka ninka da ta biyu. In mace ce ka ƙara ninkawa da 1.012.

Mu gwada da magidanci ɗan shekara 55 mai hawan jini, takardarsa ta nuna 124 µmol/L. Mun riga mun mayar da ita 1.4. A raba 1.4 da 0.9, an samu 1.556. Ta fi 1, don haka xʸ da −1.2, ya ba da 0.589. Shekarunsa sun ba da 0.710. Sai 142 sau 0.589 sau 0.710, amsa 59.

Ga misalin da ya fi damuna, domin shi ne ke wucewa ba a lura ba. Mutum biyu, kowanne 97 µmol/L, wato 1.1 mg/dL, lambar da ɗakunan gwaji da yawa ba za su ja mata layi ba. Na farko saurayi ne ɗan shekara 25: 1.1 a raba da 0.9 ya ba da 1.222, xʸ da −1.2 ya ba da 0.786, shekarunsa 0.856, amsa kimanin 95. Ta biyu dattijuwa ce 'yar shekara 70: 1.1 a raba da 0.7 ya ba da 1.571, xʸ da −1.2 ya ba da 0.581, shekarunta 0.647, sannan 1.012, amsa 54. Lamba ɗaya a takarda, amma shi ƙodarsa cikakkiya ce, ita kuwa tata ta sauka ƙasa da 60. In aka sallame ta da cewa komai daidai ne, ta koma gida ta ci gaba da shan maganin ciwon gwiwa daga kemis safe da yamma, an yi mata illa.

Maganar akwatin launin fata

Tsofaffin dabaru biyu, MDRD da CKD-EPI ta 2009, suna da wani akwati da ake cikewa in mutum baƙar fata ne. A ta farko ana ninka amsa da 1.212, a ta biyu da 1.159. Daga binciken da aka yi a kan baƙaƙen fatar Amurka aka ɗauko wannan ƙari, aka ɗora shi a kan kowa. Binciken da aka yi a Malawi da Yuganda da Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2022, inda aka auna ƙarfin ƙodar mutane kai tsaye, ya nuna cewa dabarun kiriyatinin suna zuzuta ƙarfin ƙodar 'yan Afirka ko ba a sa wannan ƙari ba, balle an sa. Magidancin nan namu, da dabarar 2009 ba tare da ƙarin ba 56 zai samu, da ƙarin kuwa 65. Danna akwati ɗaya ya fitar da shi daga sahun masu bukatar kulawa. A 2021 Amurka da kanta ta cire shi. In manhajarka har yanzu tana tambayar launin fata, kada ka cike, ko ka sauya manhaja. A ganina wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da ko'ina, tun da mutanen Afirka ta Yamma suna ɗauke da nau'o'in ƙwayar halittar APOL1 masu ƙara haɗarin ciwon ƙoda, ga kuma yankuna irin su Gashuwa a Jihar Yobe da cutar ta daɗe tana addaba. Inda ciwo ya yi yawa kuma wankin ƙoda ya fi ƙarfin aljihun yawancin gidaje, lissafin da ke ɓoye shi a farkonsa ba ƙaramar ɓarna yake yi ba.

Mataki na biyar: karanta amsar

Ƙungiyar KDIGO, mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda a duniya, ta kasa amsar kamar haka: 90 zuwa sama G1, 60 zuwa 89 G2, 45 zuwa 59 G3a, 30 zuwa 44 G3b, 15 zuwa 29 G4, ƙasa da 15 G5, wato gazawar ƙoda.

Sai dai a yi hattara da abu uku. G1 da G2 ba ciwo ba ne sai in akwai wata alamar lalacewa, kamar furotin ko jini a fitsari, ko wani abu da hoton ƙoda ya nuna. Dattijo ɗan 70 mai eGFR 72 da fitsari mai tsabta ba majinyacin ƙoda ba ne, kada a tayar masa da hankali. Na biyu, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. In a karon farko aka ga ƙasa da 60, a maimaita cikin mako biyu don a tabbatar ba faɗuwa take yi da sauri ba, sannan a sake bayan wata uku. Sai matsalar ta zarce wata uku ake kiranta ciwon ƙoda mai daɗewa. Na uku, ƙiyasi ne. Dabarar da ake yabo ita ce wadda yawancin amsoshinta ba su kauce wa ainihin lamba da fiye da kashi 30 cikin 100 ba. Saboda haka tsakanin 59 da 62 babu wani bambanci na a zo a gani. Abin da ke da ma'ana shi ne a jera sakamakon bara da na bana da na yanzu a ga inda aka dosa.

Mataki na shida: haɗa da gwajin fitsari

Jini rabin labari yake bayarwa. A masu ciwon suga musamman, ƙoda takan fara yoyon furotin ɗin albumin shekaru kafin eGFR ya motsa. A nemi gwajin ACR, wanda ke auna yawan albumin ɗin, a fitsarin farko na safe. Ƙasa da 30 mg/g, ko 3 mg/mmol, A1 ne, daidai. Daga 30 zuwa 300 mg/g A2. Sama da 300 A3. Ana rubuta su tare, misali G3a A2. Mutum biyu masu eGFR 55, ɗaya A1 ɗaya A3, ba hanya ɗaya suke kai ba, na biyun haɗarinsa ya ninka na farko nesa ba kusa ba. Inda babu ACR, tsinken gwajin fitsari ya fi babu, amma ba ya kama ƙaramin yoyo. Kada a yi gwajin lokacin al'ada, ko zazzaɓi, ko ciwon mafitsara.

Mataki na bakwai: in maganar awon magani ce

Magunguna da yawa an tsara awonsu ne da tsohuwar dabarar Cockcroft da Gault ta 1976, ita kuwa tana bukatar nauyi. A ɗora mutum a sikeli, kada a kintata da ido. Ka ɗebe shekaru daga 140, ka ninka da nauyi a kilo, ka raba da abin da 72 sau kiriyatinin ya bayar. In mace ce ka ninka da 0.85.

Magidancinmu kilo 70 ne: 85 sau 70 ya ba da 5950, a raba da 100.8, amsa 59, daidai da ta farko. Dattijuwar kuwa kilo 48 ce: 70 sau 48 ya ba da 3360, a raba da 79.2, an samu 42.4, sau 0.85, amsa 36. Ga 54 ga 36 a jikin mace ɗaya. Wani ɓangare na wannan tazara daga girman jiki ya fito, domin eGFR ana ba da shi ne kamar kowa faɗin jikinsa murabba'in mita 1.73 ne. Don a mayar da shi kan jikinta, a ninka tsayi a santimita da nauyi, a raba da 3600, a danna √. Tsayinta 150, amsa 1.41. Sai 54 sau 1.41 a raba da 1.73, ya dawo 44. In za a ba ta allurar jentamaisin mai kashe ƙwayoyin cuta ko maganin tsinka jini, ƙaramar lambar ce abin kiyayewa, kuma a bi dabarar da takardar maganin ta ambata. Mai ƙiba sosai kuwa Cockcroft da Gault tana kumbura masa amsa in an sa nauyinsa na sikeli, sai mai ba da magani ya gyara nauyin.

Ka'idar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce ta metfomin, maganin ciwon suga: ba a shan sa in eGFR ya yi ƙasa da 30, tsakanin 30 da 44 kuma ana rage shi. Ibufurofen da dikulofenak da 'yan'uwansu, waɗanda ake haɗa wa mutane a leda da sunan maganin gajiya, masu raunin ƙoda su nisance su.

Inda lissafin ke kuskure

Wasu magunguna suna ɗaga kiriyatinin kaɗan ba tare da sun taɓa tacewar ba: Septrin, simetidin, da dolutegirabir da ke cikin TLD, maganin da mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar HIV ke sha yanzu. Lambar takan ɗan hau a makonnin farko ta tsaya nan. Kada a jefar da magani saboda haka ba tare da ganin likita ba. Lisinofiril da losatan, magungunan hawan jini, su ma sukan ɗaga ta a farko. A sake gwaji cikin mako biyu zuwa huɗu, in hawan bai wuce kashi 30 cikin 100 ba ana ci gaba da sha, domin kare ƙodar suke yi.

A ɗaya ɓangaren, duk wanda tsokarsa ta zube lissafin zai yi masa kyau fiye da gaskiya: wanda aka yanke wa ƙafa, mai shanyewar ɓarin jiki, wanda ya daɗe a kwance, mai tarin fuka ko daji da ya rame, mai ciwon hanta mai tsanani. Masu sikila na bukatar ido na musamman. Kiriyatinin ɗinsu a ƙasa yake zama, don haka lambar da za a ce daidai ce a wurin wani, a wurinsu tana iya nufin ƙodar ta riga ta ja baya; gwajin albumin a fitsari ya fi saurin tona matsalarsu. Mai juna biyu kuwa ba a yi mata wannan lissafi sam, domin tacewar ƙodarta tana ƙaruwa da kusan rabi, lambarta ta faɗi. Kiriyatinin 1.0 mg/dL a mai ciki abin bincike ne.

A irin waɗannan mutane, in da hali, a nemi gwajin sistatin C, wanda bai dogara da tsoka ba. Ya fi tsada, ba kuma kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, sannan magungunan siteroyid da ciwon maƙoƙo suna iya karkatar da shi. Haɗa shi da kiriyatinin a dabara ɗaya shi ya fi kusa da gaskiya. Yuriya kuma ba a ƙiyasin ƙoda da ita ita kaɗai, domin ƙarancin ruwa a jiki, da cin nama da yawa, da zubar jini a ciki duk suna ɗaga ta.

Mataki na ƙarshe: yaushe za a tafi wurin likitan ƙoda

A nemi takardar turawa in eGFR ya sauka ƙasa da 30, ko ACR ya zauna sama da 300 mg/g, ko eGFR yana zubewa da fiye da 5 a shekara, ko ana ta ganin jini a fitsari ba a san dalili ba, ko hawan jini ya ƙi sauka duk da magani iri huɗu. Akwai kuma abin da ba ya jiran ranar asibiti: fotasiyom 6.0 zuwa sama, fitsari ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai, kumburi da sarƙewar numfashi, amai ba ƙaƙƙautawa, ko ruɗewa. Waɗannan a tafi a ranar.

In za a tafi, a haɗa duk tsofaffin takardun gwaji bisa jerin kwanan wata, a rubuta eGFR ɗin da aka lissafa a gefen kowace da sunan dabarar da aka bi, a zuba dukkan magungunan a jaka ɗaya da kwalayensu, har da jiƙo da garin gargajiya. In zai yiwu kuma a riƙa yin gwajin a ɗakin gwaji ɗaya, saboda injina da sinadaran aiki sun bambanta, sakamakon wuri biyu na iya saɓawa ko da ƙodar ba ta canja ba.